Shingen da Aka Ce Mu Cire Hula

Na fi shekara ashirin ina koyarwa a firamare a Kafur, ban taɓa zaton gashin kaina abin bincike ne ba. Wajen kakata ta wajen uwa na gado shi, Bafulatana ce. Laushi gare shi, yana nannaɗewa in ya kwana biyu bai ga aska ba.

A shekarun da satar shanu ta tsananta, wata ranar kasuwa na shiga ƙaramar bas zan je Danja sayen irin tumatir. Mun yi nisa sai muka tarar an gitta icce a hanya, 'yan sa-kai shida na tsaye da gorori da bindigogin gargajiya. Suka ce maza su sauko, kowa ya cire hularsa.

Na ɗauka wani abu suke nema cikin hulunan, ashe kawunanmu suke dubawa. Wani saurayi da na haifi wanda ya girme shi ya cusa yatsu cikin gashina, ya murza kamar mai taya auduga.

Ya ce, "Baba, koma gefe. Wannan gashin na daji ne."

Na miƙa masa katin aikina, ko kallo bai yi ba. A gefen na tarar da wani matashi makiyayi da muka taho mota ɗaya, mai kitso har kafaɗa, riƙe da ledar maganin shanu.

Wata Bayarabiya mai sayar da robobi a garinmu ce ta fid da ni. Ta sauko daga motar, ta ce 'ya'yanta uku a hannuna suka koyi karatu, in za a tafi da Malam sai dai a haɗa da ita. Babban 'yan sa-kan ya dube ni, ya miƙo mini hulata.

Makiyayin bai da mai yi masa magana. Suka caje shi tsaf, ba su sami komai ba. Duk da haka suka zaunar da shi a kan dutse, suka aske kitson da reza, ba ruwa ba sabulu, jini na bin ƙeyarsa. Ni kuwa ina tsaye ina kallo. Ya tsince kitson daga ƙasa ya zuba aljihu, muka koma mota. Kafin mu shiga Danja ya sauka.

Na yi kwanaki abinci ba ya mini daɗi. Daga baya na je Funtuwa wajen ɗan wani aminina, lauya ne. Ya ce tsarin mulki ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko asali, ya kuma hana wulaƙanta ɗan Adam, sannan aske mutum da ƙarfi laifi ne. Sai dai ba a ambaci gashi ƙarara ba, ko da yake wasu ƙasashe sun yi masa doka ta musamman.

Sannan ya ce, "Baba, ina shi yaron? Da shi za a fara."

Ban san sunansa ba, ban san rugarsu ba.

Na rubuta wa hakimi takarda, aka ce za a duba. Shingen ya ci gaba da zama har bayan kaka. Uwargidana kuwa ta roƙe ni in riƙa aski ƙwal duk Alhamis, don hankalinta ya kwanta. Har yau haka nake yi, kuma ban taɓa gaya wa wanzamin dalili ba.