Murhun Shayina a Fagge

Damagaram zuwa Kano

Ranar Asabar da ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gidanmu a Damagaram. Kayana jaka ɗaya ce, sai wani ƙunshi da Baba ya ɗaure da hannunsa: butar shayi, murhun waya da 'yan kofuna uku. Wurin tsohon abokin fataucinsa ya tura ni, Alhaji Bukar, mai sayar da shadda da atamfa a sari a Fagge, in koyi kasuwa. Unguwa duk ta ji labari, don Baba ba ya iya riƙe abin daɗi a cikinsa.

"Laminu, ranar da ka fara aiki ka dafa masa shayi da hannunka," in ji shi a bakin tasha. "Kuma kar in ga ƙeyarka sai da Babbar Sallah."

Mota ta cika shida da rabi. Mun wuce Matamaye ƙarfe takwas, muka isa iyaka wajen tara. Ma'aikacin da ya kwance ƙunshina ya ɗaga butar yana dariya.

"Ku 'yan Nijar, ko asibiti za a kwantar da ku sai da buta."

A Daura muka yi azahar, na ci shinkafa da wake a tsaye. Shingaye na ƙirga har bakwai, sai barci ya kwashe ni. Tafiyar ba ta wuce kilomita ɗari biyu da arba'in ba, amma sai huɗu saura muka shiga Kano.

Sabon Gari

Ɗakin da Alhaji ya kama min yana gidan Mama Ngozi, Inyamura mai sayar da kwanuka. A Kano aka haife ta, Kanancin bakinta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ta nuna min famfo da igiyar shanya, ta ce ƙarfe shida ruwa yake zuwa, wanda ya makara shi ya so.

Ranar Lahadi gidan ya watse coci. Na zauna a tsakar gida na hura gawayi. Da ta dawo na miƙa mata kofin farko, ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Ɗana, wannan shayi ne ko maganin shawara?"

Duk da haka ta shanye, ta jira na biyu.

Litinin, Fagge

Bakwai da minti ashirin na hau adaidaita, muka bi Titin Ibrahim Taiwo. Siton Alhaji dogo ne, diloli jere har rufi, hanya ɗaya siririya a tsakiya. Alhaji Bukar dogon mutum ne marar yawan magana, hannunsa na hagu kullum a cikin riga. Ya tambayi lafiyar Baba, ya ce yau kallo ne aikina.

Wajen ƙarfe goma ya fita amsa waya. Na ga lokaci ya yi. Na sami lungu tsakanin diloli biyu inda iska ba za ta dame ni ba, na zuba gawayi, na kunna, ina fifita da kwali. Har wani daɗi nake ji.

Ban ji shigowarsa ba. Bokitin yashi kawai na gani ya sauka a kan murhun, buta ta kife. Maƙwabta sun cika ƙofa. Alhaji bai zage ni ba. Ya tono murhun daga cikin yashi ya riƙe.

"Ɗauki butarka ka tafi masauki. Sai na neme ka."

Talata da Laraba

Ban fita ba. Baba ya kira sau uku, na ƙyale wayar tana ruri. Tsoro nake ji sosai: mutumin da aka yi wa rakiya har tasha ya koma gida kafin mako ya zagayo, wane ido zai kalli unguwa da shi?

Laraba da hantsi Mama Ngozi ta buga min ƙofa. Na ba ta labari. Ta dafe kai.

"Wuta? A cikin yadi? Ka lura da hannunsa na hagu?"

Na ce yana ɓoye shi.

"Shagonsa na farko layi ɗaya yake da nawa. Daga murhun mai abinci gobara ta tashi. Da hannun nan ya riƙa jawo diloli, bai fitar da ko biyar ba. A Fagge ko ashana ba a ƙyastawa kusa da kaya."

"To Mama, saƙon Baba fa?"

"Cewa ya yi ka dafa da hannunka. Ya ce maka a ina?"

Ta shiga ɗaki ta fito da filas.

Alhamis

A kan rishonta na dafa, na juye a filas, na isa sito takwas daidai ba tare da an neme ni ba. Na durƙusa na ba da haƙuri, na tsiyaya masa. Babu kumfa ko kaɗan. A Damagaram da an yi min dariyar shekara. Ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya fito da hannun hagun ya karɓa. Fatar a tattare take har gwiwar hannu. Ya kurɓa.

"Sukari ya yi yawa. Gobe ka rage."

Na ce to. Daga nan ya nuna min dilar da zan fara kwancewa.

Komawa gida

Wata huɗu na yi. Na iya bambance shadda da yatsa, na daina makara a famfo. Ana jibi Babbar Sallah Alhaji ya miƙo min murhuna a naɗe cikin buhu, da shadda yadi goma ta Baba. Na tashi biyar da rabi, na sauka Damagaram bayan la'asar.

Na tarar da Baba a ƙofar gida yana shayi. Ya warware shaddar a cinyarsa, gefenta yana lilo kusa da garwashi. Ban san lokacin da na suri murhun nasa da hannu na kai shi bakin kwata ba. Yatsuna biyu suka tashi.

Baba ya dube ni, ya dubi murhun can nesa.

"Bukar ya nuna maka hannun ke nan," ya ce a hankali.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Alhaji, da Mama Ngozi wadda filas ɗinta ke jirana a ɗaki. Ran nan Baba da kansa ya naɗe shaddar ya kai ciki, sannan ya ce in dawo masa da wutarsa.