Gorar Ruwan Baba Mudi

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da na goya wani tsoho mutumin garin Lambara zuwa magangarar ruwa ba. Ku da kuka shigo aikin gandun daji a nan Bodinga kun huta, don babu wanda ya jefa ku inda aka jefa ni.

Zamanin mulkin farar hula na biyu ne, lokacin da aka tsuke bakin aljihu ana ta rage ma'aikata. Ina ƙaramin mai gadin daji aka tura ni wani gandu a kan duwatsun gabas, wajen iyakar Kamaru. Aikina jagora: in baƙi suka zo, in duba takalmansu, in shiga gaba har inda ruwa yake zubowa daga kan dutse, in dawo da su kafin hazo ya sauko da la'asar. Akwai wata gadar igiya a tsakiyar hanya, kuma doka ta hana tsallakawa da tsoho ko marar lafiya sai da yardar babban jami'i.

Da abubuwa suka yi tsanani, baƙi suka ɗauke ƙafa. Sai in yi mako ban ga kowa ba sai birai. Ni ɗan Danchadi da na saba gaisuwa tun daga ƙofar gida har fadama, na koma ina yi wa kajina sannu da kwana. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai, ba na ɓoyewa.

Wata safiya na ji an yi sallama, aka ce, "Ina mai wuringa?" Na yi zumbur na fito, don rabona da jin Sakkwatanci har na manta. Wani direban motar albasa ne, Garba, ya kawo kaya kasuwar gindin dutse, tare da mahaifinsa Baba Mudi. Muka yi ta gaisuwa, ni ne ma na ƙi bari ta ƙare.

Garba ya ja ni gefe. Ya ce tsohon ya ƙare rayuwarsa yana jan ruwa da jigo a fadama, bana rijiyarsa ta ƙafe, ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Tun da ya ji labarin ruwan da ke zuba ba mai ja, ya ce ƙarya ce sai ya gani.

Na tafi wurin babban jami'i. Ya leƙo ya dubi tsohon, ya dube ni.

"Bello, ka san ana neman waɗanda za a sallama. In ya faɗi, da aikinka ya faɗi."

"Na ji, ranka ya daɗe."

"To, wuyanka."

Muka kama hanya. Mutumin da bai taɓa hawan abin da ya wuce jigawa ba, kafin gada ƙarfinsa ya ƙare. Garba kuwa, jarumin titi, yana ganin igiya tana lilo ya zauna ya ce zai jira mu. Na kwance rawanin tsohon na goya shi da shi. Muna tsakiyar gada ya ce, "Ɗana, in ka gaji aje ni." Na ce, "Baba, nan ba wurin ajiya ba na." Ƙafata ta zame a kan wani katako mai gansakuka, na rungumi igiya har ta yanke mini tafi. Salatinsa kawai nake ji a bayan kunnena.

Da muka isa na sauke shi. Ya daɗe yana kallo, feshin ruwa yana jiƙa masa gemu. Can ya ce, "Wa ka ban ruwa da shi?"

"Ba kowa, Baba."

"Dare da rana hakanga?"

"Awo."

Sai ya zauna a kan dutse ya yi kuka. Ni ma na taya shi, ko da yake nawa kukan daban ne. Ya cika gorarsa, ya ce zai zuba a rijiyarsa ko ta ji kunya.

Mun sauko kafin hazo. Na yanka musu kaza, na roƙe su su kwana, amma mota ba ta Garba ba ce. Da za su tafi tsohon ya ce, "Mi za a ce ma gida?" Na ce a gaida innata a Danchadi. Na ɗauka irin sallahun nan ne da ake karɓa a manta. Na tsaya har ƙarar motar ta ɓace, shirun wurin ya fi na da.

Sai bayan shekaru aka maido ni gida. Inna ta fito da wata kwalba daga ƙarƙashin gado. Ta ce wani makaho daga Lambara ya zo a kan jaki, ya raba ruwan gorarsa biyu ya ba ta rabi, ya ce, "Ga ruwan da ɗanki ka sha. Lahiya lau shike, amma shi ɗai na can." Na nemi Baba Mudi, aka ce ya rasu.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, baƙo ruwa yake zuwa kallo, ba jagora ba, kuma kada ku ji haushin haka. A duk waɗanda na kai magangarar can, wanda idonsa ya kusa rufewa ne kaɗai ya gan ni.