Safiyon da Ya Sa Na Kife Keke

Lokacin da nake koyarwa a firamare a Kurfi, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, na ƙudura sai na ci jarrabawar da za ta kai ni gaba. Darussa suna zo mini ta gidan waya. Komai ina lallaɓawa, ban da lissafin kusurwoyi. Takardar ta ce kusurwa mai digiri talatin da mai ɗari uku da casa'in wuri guda suke tsayawa. Na karanta har kaina ya yi zafi, ban ga yadda za a yi haka ba.

Aka ce mini akwai wani safiyo mai awon hanya a Dutsin-Ma, mutumin Kudu. Ranar da ba makaranta na hau keke. Hanyar duk rairayi, rabi tuƙi rabi turi. Na isa na yi sallama a ƙofar gidansa.

Dattijo ne mai yawan tari, Hausarsa a karye amma ana ganewa. Shi ma dawowarsa ke nan daga daji, ko takalmi bai cire ba. Ya saurare ni idonsa a lumshe.

"Malam, kife kekenka," ya ce.

Na kife. Ya ɗaura tsumma a waya ɗaya ta ƙafar gaba, ya ɗan murza.

"Talatin ke nan. Riƙe wurin da ido."

Ya juya ƙafar zagaye guda cif.

"Nawa na ƙara?"

"Ɗari uku da sittin, Maigida."

"Ina tsumma?"

"Yana nan inda yake."

Sai ya juya ta baya, nan ma zagaye guda. "In baya ka yi, ɗebewa za ka yi. Shi ke nan. Bar ni in sha ruwa."

Tun daga ranar na mai da gidansa makaranta, har rani ya fita. Matarsa kan ajiye mini abinci mai manja da barkonon da ke sa ni hawaye, tana dariya. Wani lokaci barci kan kwashe shi yana tsakiyar bayani, in zauna in jira.

Da damina ta kankama ƙasa ta rikice, kullum rediyo da mugun labari, mutanen Kudu suna ta gudu gida. Wata rana na iso na tarar da ƙofa a buɗe, ɗaki wayam. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga.

"Ɗana, sun bi babbar mota tun shekaranjiya. Kayansu ma rabi suka ɗauka."

Na ɗan zauna a dakali, sannan na juya. Ruwa ya tare ni a hanya, laka ta cushe ƙafafun keken, na yi ta ja har Kurfi.

Sai a zama na biyu na ci jarrabawar. Na yi ta tambayar direbobi da ma'aikatan hanya, babu wanda ya san ko sun isa gida lafiya. Sunan garinsu ma sau ɗaya ya faɗa mini, ya yi wa harshena nauyi, ban riƙe ba.