Mutumin da ya kwance ƙullina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina shirin fita, waya ta shigo daga Gaya: Malam Garba ya rasu.

Na zauna, na kasa ko ɗaura kallabi.

Mutanen unguwarmu ta Belleville sun san shi. Ɗan masunta ne, ya daɗe yana aikin kifi a kasuwar Rungis. Ranar Juma'a sai ka ji ƙwanƙwasa, ga shi da kawunan kifi a leda: "Hajiya, a yi wa yara romo."

Da 'yata Rakiya ta tafi karatun injiniya a garin Villeurbanne, sai ta shiga cikin masu tuƙa kayak, ɗan siririn kwalekwalen nan na mutum ɗaya. Wai za su teku wajen Marseille. Na ce ban yarda ba. Karatu na tura ta, ba wasa da ruwa ba.

Malam ya zo har gida. Ya ce, "Hajiya, in kin hana ta, a ɓoye za ta je. Gara ta je da saninki, da shirinta." Ya kawo mata usur, da ɗan madubin haska wa jirgi, da wata na'ura kamar wayar hannu da ake kira baliz. In ka danna ta, masu ceto za su ga inda kake.

Ni kuwa na yi yadda uwata ta koya mini da abu mai daraja. Na naɗe ta cikin leda uku, na ƙulle a tsumma, na cusa can ƙasan jaka.

Ya yi dariya har da tari. "Zinari kike ɓoyewa? Ranar da kwalekwale ya kife, shi da jaka tare suke tafiya." Ya kwance ƙullina, ya ɗaure baliz ɗin a kafaɗar rigar ruwanta.

Na ji haushi. Ko rakiya ban yi masa ba.

A fita ta uku iska ta kifar da ita, ta raba ta da abokan tafiya, kwalekwalen ya yi gaba da jakar. Hannu kawai ta kai kafaɗa ta danna. Aka tsamo ta tana rawar sanyi, amma da ranta.

Iyaye, faɗa kaɗai ba ya tsare ɗa. Ni mai faɗa ce, na gwada. In wanda ya fi ki sani ya gyara miki, ki yi shiru ki koya.

Ganinmu na ƙarshe bara ne a bakin metro, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, dab da komawarsa gida. Na ce, "Malam, har yau ban ba ka haƙuri ba." Ya ce, "Haƙurin me? Ki dai ce wa Injiniya ta riƙa duba batirin baliz ɗin."

Ya cika a garinsu, cikin jikokinsa, da tsufansa. Alhamdulillahi.

Allah Ya jiƙan Malam Garba, Ya tsamo shi ranar da babu mai ceto sai Shi. Duk wanda ya karanta, don Allah ya ce amin, ya sa shi a addu'a.