Kusurwar Silbanus

Yayana Maliki mai surfani ne a Sabo, a nan Ibadan. Hannunsa da kyau, amma alkawarinsa sai a hankali. In ya ce maka jibi, to ka nemi wata rigar ka yi sallah da ita. Ni Barakatu ƙanwarsa na sha faɗa masa haka a gaban mutane, sai ya yi dariya ya ci gaba da zura zare.

Amininsa wani kafinta ne Inyamuri, Silbanus, ɗan Katolika da ke zaune a Mokola. Shi ya kawo masa aikin da ya fi kowane aiki daɗewa a hannunsa. Cocinsu na son sabuwar rumfar yadi mai sanda huɗu, wadda ake riƙe wa Fada, wato limaminsu, ranar da suke zaga gari. Silbanus ya sassaƙa sandunan, Maliki kuma zai yi wa kusurwa huɗun ado da zangarniyar alkama.

Maliki ya tambaye shi, "Fadan naku sarki ne, da za a riƙa masa laima?"

Silbanus ya ce, "Ba don Fada ba ne, aboki. Don gurasar da ke hannunsa ce. Mu a wurinmu, in an yi mata addu'a ta zama jikin Yesu, shi kansa. Kullum mu ke zuwa wurinsa mu ci. Sau ɗaya a shekara mu fito da shi titi, ya je wurin waɗanda ba su iya zuwa."

Maliki ya ce shi dai Annabi Isa ya sani, amma aiki zai yi shi da kyau. Ba su sake gardama a kai ba.

Ya gama kusurwa uku, ranar zagaye ta zo, aka ɗauki rumfar haka nan. Ta huɗun, wadda Silbanus ke riƙe da sandarta, fara fat. Da suka zo wucewa ta bakin Sabo, ana kaɗa ƙararrawa, 'yan mata na watsa furanni, mutanensu na durƙusawa, sai Silbanus ya ɗaga ido ya dubi yadin, ya harari Maliki. Da yamma ya zo yana cewa, "Maliki, yu no get shem, ba ka da kunya! Kusurwata ka bari?" Maliki ya rantse baɗi za ta fi sauran.

Kafin baɗi ƙasa ta rikice. Inyamurai suka kwashe suka koma gabas, Silbanus da matarsa Filomina a cikinsu, sannan yaƙi ya ɓarke. Mutanen cocin sun aiko ya fi a ƙirga a ƙarasa musu aiki. Maliki ya ce sai mai kusurwa ya dawo. Kowace shekara yakan tsaya bakin titi yana duban wanda ke riƙe da sanda ta huɗu, ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Na yi masa faɗa har na gaji, don tausayi yake ba ni.

Bayan yaƙi Filomina ta dawo ita kaɗai, ta rame har ban gane ta ba. Ta zauna a zaurenmu ta ce yunwa ce ta kashe Silbanus. Da ya kasa tashi, wani Fada ya taka har bukkar da yake kwance. Garin alkama ya ƙare a can, sai ɗan ɓallin gurasar nan kamar farce aka sa masa a baki, shi ne abu na ƙarshe da ya ci. Ta ce, "Bai iya zuwa ba, sai aka kawo masa."

Maliki ya tashi nan take. Ya aika aka karɓo yadin, ya zauna a kansa, ko mako bai yi ba ya gama. Ta fi sauran ukun kyau nesa ba kusa ba, kamar yadda ya rantse.

Ranar zagaye na tsaya kusa da shi. Rumfar ta wuce, wani baƙon mutum riƙe da sandar, Filomina na biye tana waƙa. Hawaye na zuba a gemun Maliki, ya ce da ni, "Barakatu, aikin mako ɗaya ne fa. Da ya gani."