Ƙanen da Ba Shi da Tabo

Ba na jin akwai ranar da zan manta da zuwan teloli biyun nan biron sufurefe, wato ofishin babban jami'in mulki na yankin Dakoro a Nijar. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina tafinta, ina juya Hausa zuwa Faransanci. Wa da ƙane ne, mutanen kudancin Nijeriya, amma a arewacinta, ƙasar Hausa, suka girma. Rikici ya koro su, wani kamiyo, babbar motar fataken shanu, ya kawo su, suka zo neman izinin zama.

Sufurefe mutum ne mai bin ƙa'ida. Ya ce in gaya musu tsoro kaɗai bai isa ba; sai kowa ya faɗi wanda ke nemansa, da dalili, ya kuma kawo shaida. Wanda ya kasa, jandarma za su mai da shi iyaka.

Wan bai yi dogon bayani ba. Ya zame rigarsa, muka ga saran adda a kafaɗa, bai ma gama warkewa ba. Aka sa masa hannu.

Ƙanen kuwa jikinsa lafiya lau, domin ya fice tun kafin abin ya ɓarke, ya jira wansa a Maraɗi. Da aka tambaye shi abin da ya gani, ya ce maƙwabta sun daina amsa gaisuwarsa, masu kawo ɗinki kuma suka riƙa zuwa suna karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. Sufurefe ya ce wannan ba shaida ba ce. A lokacin ni ma haka na gani.

Sai wan ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, shi ya ce mu tashi, na ce yana da tsoro, na zauna. Wannan saran ai shaidarsa ce, ba tawa ba. Da ya bi shawarata, yau da gawarsa za a gwada maka."

Sufurefe ya sa na maimaita maganar a hankali. Ya daɗe yana kallon ƙanen, sannan ya ɗauki alƙalami ya sa masa hannu. Daga baya suka kafa keken ɗinkinsu kusa da kasuwar dabbobi, suna yi wa Fulani riguna.

Tun ranar na fahimci cewa in aka ce sai an ga jini za a yarda da tsoron mutum, to wanda ya yi hankali ya gudu da wuri shi ake hukuntawa.