Shingen Waya a Hanyar Gamu

Daga Maraɗi aka turo ni Gure aikin gandun daji. A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, froje, wato shirin tallafi daga waje, ya iso da kamiyo, babbar mota, cike da wayar shinge. Aka ce mu killace makiyayar da ke kan hanyar Gamu, mu bar kututturan aduwa da ɗakwara su sake tofo. Baturen da ya kawo aikin har cewa ya yi wata rana ƙasashe masu masana'antu za su biya ladan hayaƙin da itatuwan nan ke sha. Na fassara wa mutane, suka yi dariya, ni ma na yi.

Wani dattijo makiyayi ne kaɗai bai dara ba. Burtalinsa na zuwa rijiya ya ratsa ta tsakiyar filin. Dole ya riƙa kewayawa da shanunsa ta kan tudun rairayi, shayarwar hantsi ta koma ta azahar. Duk da haka in na biya ta rugarsa, matarsa ba ta fasa kawo mini nono.

Itatuwa kuwa suka tashi. A shekara ta uku aduwa ta kai mini ƙirji, har zomaye suka dawo. Sai damina ta ƙi. Waje ƙasa tsirara, ciki busasshiyar ciyawa har gwiwa, shanu sun jingina da waya suna kallo.

Dattijon ya same ni a ƙofar shingen.

"Ɗana, kwana bakwai kawai. Ciyawar nake so, itacenku ko ganye ba zan taɓa ba."

"Baba, in na buɗe maka yau, gobe makiyayan yankin Alakoss duk suna nan."

"To, su nasu ba shanu ba ne?"

Makullin yana aljihuna, ban fito da shi ba. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce Allah ya ba mu alheri, ya juya.

Kafin ruwa ya sauka, shanunsa sun yi ta kwanciya a hanyar rijiya, ba su tashi ba. Ya kora 'yan ragowar ya yi kudu. Ban sake jin labarinsa ba.

Bayan shekara froje ya ƙare, masu gadi suka watse. Waya ta tafi guntu-guntu, awaki da masu saran itace suka shiga. Na yi ta aika rahoto Damagaram, shiru. Ranar da aka canza mini wurin aiki, direba ya tambaye ni ko mu ratsa ta wajen in yi kallon ƙarshe. Na ce ya bi kwalta kawai.